Borin Tukunya: Yadda Na Koyi Dafa Giya da Maɗin Tsiro a Ingila

Na rubuta wannan bayani ne domin 'yan uwanmu masu jin Hausa da ke zaune a ƙasashen Turai, waɗanda suka ga ana sayar da kayan haɗa giya a gida har sha'awar gwadawa ta kama su, amma ba su sami wanda zai warware musu zare da abawa ba. Na san mafi yawan masu karanta Hausa Musulmi ne, giya kuwa haramun ce a addininsu, saboda haka ba wanda nake gayyata zuwa ga abin da imaninsa ya hana shi. Ni Kirista ne daga wani ƙauye kusa da Pankshin a jihar Filato, ina aikin jinya a birnin Manchesta, kuma na tashi ne a gidan da ƙanwar mahaifina take dafa burukutu kowane mako domin ranar kasuwa. Tun ina yaro na san wahalar da ke cikin aikin: a jiƙa dawa, a shimfiɗa ta a lulluɓe har ta tsira, a shanya tsiron, a kai niƙa, a dama, a dafa, a bari ya kwana ya yi tsami, a sake dafawa, sannan a zuba masa ɗan ragowar tsohuwar tukunya domin ya tashi. Aiki ne na kusan mako guda, mu yara kuwa namu shi ne ɗebo ruwa da ɗauko itace. Don haka ranar da wani abokin aikina Bature ya gaya mini cewa a nan ana sayar da tsiron da aka riga aka tatse zaƙinsa aka zuba a gwangwani, sai na ɗauka an gama mini aikin duka, abin da ya rage kawai in ɗora tukunya in sauke.

Abin da na fara bincike a kai shi ne doka, domin baƙo mai takardar izinin aiki ba ya wasa da abin da zai taɓa zamansa a ƙasar mutane. Na tarar cewa a Birtaniya tun shekarar 1963, lokacin da Reginald Maudling yake ministan kuɗi, aka soke lasisin da ake nema kafin mutum ya dafa giya a gidansa. Yau babu takardar da za ka cike, babu ofishin da za ka je, matuƙar kai da baƙinka za ku sha. Haramcin biyu ne: ba a sayar da ita, ko da kwalba ɗaya ce, sai da rajista da biyan haraji, ba a kuma tace ta ta hanyar tururi a mai da ita barasa mai ƙarfi irin ogogoro sai da lasisi. Wanda ke wata ƙasa ya duba dokar wurinsa, domin ba ɗaya ba ce ko'ina. A Amurka, alal misali, sai a 1978 shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta halatta abin, ta kuma fara aiki a 1979. Takarda ɗaya da na karanta da kyau ita ce yarjejeniyar hayar gidanmu. Ba ta hana dafa komai ba, amma akwai wurin da aka rubuta cewa duk ɓarnar da aka yi wa kayan kicin za a cire kuɗinta daga ajiyar da muka bayar. Na karanta wurin na wuce abina, ban san da ni ake magana ba.

Wata Asabar cikin watan Nuwamba na shiga bas zuwa wani ɗan shago da ke bayan gari, inda na tarar da wani dattijo wanda bai gaji da tambayoyina ba. Abin da Turawa ke kira malt, kalmar nan da muka saba gani a jikin kwalaben lemon zaƙi, ba wani abu ba ne illa tsiro, sai dai nasu na sha'ir ne, namu na dawa. A masana'anta ake jiƙa niƙaƙƙen tsiron a ruwa mai ɗumi har sitacinsa ya koma sukari, a tace, sannan a ƙafar da ruwan a cikin tukwanen da aka zuƙe wa iska domin kada zafi ya yi masa yawa, har abin da ya rage ya zama ruwan cikinsa bai wuce kashi 20 cikin ɗari ba. Da na ga kaurinsa da launinsa sai ya tuna mini da maɗin ɗinya, shi ya sa nake kiransa maɗin tsiro. Dattijon ya nuna mini iri biyu. Akwai wanda aka riga aka sa masa ɗaci tun daga masana'anta, shi wannan ba a dafa shi, ruwan zafi kawai ake zubawa a narkar da shi. Akwai kuma tsuransa, wanda kai ne za ka dafa shi awa guda da furen hof. Ya ba ni shawarar in fara da na farko, ni kuwa ina taƙamar jikan gidan burukutu ne, na ce na biyun nake so. Na sayi gwangwani biyu na kamfanin Muntons, kowanne kilo ɗaya da rabi, a kan fam 24, da bokiti mai murfi na lita 25 haɗe da ma'aunin kauri da tiyo da doguwar cokali da maganin kashe ƙwayoyin cuta a kan fam 35, da abin matse murfin kwalba da murafansa a kan fam 14, da ma'aunin zafi na fam 5, da ƙunshi biyu na furen hof na fam 9, da ɗan fakitin yis mai giram 11 na fam 3. Jimilla fam 90 na ƙirga masa.

Kafin in fita ya tambaye ni girman tukunyata. Na ce muna da mai cin lita 11, wadda matata ke dafa shinkafa a ciki idan ana taro a coci. Ya girgiza kai, ya nuna mini wata ta ƙarfe mai lita 20 a kan fam 45, ya ce ita ce ta dace. Na yi zaton dabarar 'yan kasuwa ce, na yi masa godiya na fito.

Ya kamata in yi bayanin furen hof, domin shi ne dalilin dafuwar gaba ɗaya, kuma ba mu da shi a gida. Furen wata shuka ce mai yaɗo da ake nomawa a yankin Kent da wasu sassan Ingila, nau'o'in da na saya kuwa tsofaffin iri ne da ake kira Fuggle da Goldings. Ɗacin da ke cikinsa ba ya narkewa a ruwa sai ya daɗe yana tafasa, ƙamshinsa kuma, akasin haka, bin tururi yake yi ya tsere idan tafasar ta daɗe. Shi ya sa ake raba shi: wanda aka zuba tun farko ya ba da ɗaci, wanda aka zuba gab da saukewa ya ba da ƙamshi. Wannan ɗacin ne kuma ke hana wasu ƙwayoyin tsami yaɗuwa, shi ya sa giyar kwalba take yin watanni, alhali burukutun Goggo in ya wuce kwana biyu zuwa uku sai ya koma tsami ƙarara.

Ranar da nake hutun aiki na fara. Na wanke komai, na jiƙa bokitin da tiyo da cokalin a ruwan magani, na jefa rabin ƙwayar Campden a ruwan famfon da zan yi amfani da shi domin ta kashe warin sinadarin kulorin, kamar yadda dattijon ya koya mini. Har nan ban yi kuskure ba. Na zuba ruwa lita 7 da rabi a tukunyar, na kunna murhun lantarki mai saman gilashi har ƙarshe, da ruwan ya fara zafi sai na buɗe gwangwanayen biyu na juye su gaba ɗaya, wuta tana ci. Abu biyu ban lura da su ba. Na ɗaya, maɗin yana da nasa jiki, kilo 3 ɗin nan ya ƙara sama da lita 2, sai ga tukunya ta kusa cika, saura kamar faɗin yatsu biyu ta kai baki. Na biyu, maɗin ya fi ruwa nauyi nesa ba kusa ba, don haka bai tsaya narkewa ba, kai tsaye ya nutse ya kwanta a gindin tukunya inda zafi ya fi tsanani. Ina can ina kankare ragowar da ta manne a gwangwani, sai na ji wani ɗan ƙauri-ƙauri. Da na zura cokali sai na ji tana karta a ƙasa, ɓaƙaƙen ɓarɓashi kuma suka taso sama. Ƙanzo ya riga ya kama. Na gauraya, na ce a raina ai kaɗan ne, yis zai gyara.

Murhun yana da nawa, na yi minti ashirin ina jira bai tafasa ba, sai na rufe tukunyar da murfi domin in taimaka mata. Daidai lokacin wayata ta yi ƙara a falo, ana nemana daga wurin aiki a kan canjin ranakun kwana. Ban fi minti uku ina magana ba na ji wani sauti kamar an watsa ruwa a garwashi. Da na ruga kicin sai na tarar murfin yana rawa a kan kumfa mai ruwan ƙasa, kumfar tana malalowa ta kowane gefe, tana sauka a kan gilashin murhun tana ƙonewa nan take, tana bin jikin kabad zuwa ƙasa. Tukunya ta yi bori. Na fizge murfin da hannu tsirara, ruwan ya fantsamo mini a tsintsiyar hannu, kuma a matsayina na ma'aikacin jinya na san ƙunar ruwan sukari ta fi ta ruwa zalla muni, domin mannewa yake yi a fata yana ci gaba da cinta. Ina riƙe da hannu a ƙarƙashin famfo ƙararrawar hayaƙi ta ɗauka, matata ta fito daga ɗaki da yarinya a hannu tana cewa, "Maigida, gobara za ka yi mana a gidan haya?" Ban da abin cewa. Minti ashirin na yi hannuna na cikin ruwan sanyi, ina kallon sukari yana sandarewa a kan murhu kamar kwalta.

Na yi ta maza na ƙarasa. Na goge abin da ya gogu, na mai da tukunyar, na zuba furen hof, nan ma kumfa ta sake yunƙurowa domin ban rage wuta ba, na dai samu na janye ta gefe. Bayan awa guda na sauke na juye a bokiti, na cika da ruwan famfo zuwa lita 23. Ma'aunin kauri wata 'yar kwalba ce mai tsawo da ake sakawa a ruwa tana yawo, a ruwa zalla tana nuna 1.000, yawan sukari kuma yana ƙara ɗaga ta. Ya kamata in sami 1.040, amma 1.034 na gani, wato kusan kashi ɗaya cikin shida na zaƙin da na saya yana kan murhu da daɓen kicin. Dare ya yi, na gaji, ma'aunin zafi yana nuna digiri 28, na kasa haƙurin jira ya sauko, na barbaɗa yis na rufe. Na jira mako biyu yana aiki, na ɗura a kwalabe, na sake jiran wasu mako biyu. Ranar da na buɗe ta farko jikina ya yi sanyi. Giyar da ya kamata ta fito ruwan zuma ta fito kusan launin shayi mai kauri, ƙaurin nan yana nan a bayan harshe bai je ko'ina ba, ga wani wari kamar na ayabar da ta nuna ta wuce, wanda daga baya na gane zafin da na sa yis a ciki ne ya jawo shi. Murhun kuwa, sukarin da ya ƙone ya bar masa 'yan ramuka a gilashi waɗanda ba sa gogewa, kuma da muka tashi daga gidan an cire mana fam 120 daga kuɗin ajiya a kansu.

A ranar Kirsimeti na kira gida, aka miƙa wa Goggo waya, na ba ta labari. Ta yi dariya har da tari, sannan ta ce, "Ɗana, ashe har Turai ka je ba ka koyi tsaron tukunya ba? Duk shekarun da ka yi kana kawo mini itace, ka taɓa ganin na tashi daga bakin murhu kafin kumfar fari ta kwanta?" Ta ce ita ba ta cika tukunya fiye da kashi biyu cikin uku, kullum kuma akwai ƙwaryar ruwan sanyi a gefenta, da kumfa ta taso sai ta yayyafa mata, ta zare itace ɗaya ko biyu daga wuta. Ta ce ko sarki ne ya yi sallama a wannan lokaci, daga zaune take amsa masa. Na tuna kuwa haka ne, na sha ganin baƙi suna tsaye a tsakar gida tana gaisawa da su ba tare da ta ɗaga ido daga tukunya ba, ni kuma a lokacin na ɗauka halinta ne kawai.

Cikin watan Janairu na koma shagon, na sayi tukunyar nan ta fam 45 ba tare da ciniki ba. Dattijon bai ce mini ai na gaya maka ba, sai dai ya ƙara mini bayanin da ya yi daidai da na Goggo. Ruwan tsiro yana ɗauke da sinadarin furotin, da zarar ya kusa tafasa sai furotin ɗin ya kama tururin da ke fita ya zama kumfa mai ƙarfi, ba za ta kuma kwanta ba sai furotin ɗin ya dunƙule ya zama 'yan gudaji masu yawo, kamar yadda ƙwai ke yi a ruwan zafi. Wannan yakan ɗauki minti biyar zuwa goma, kuma nan ne haɗarin yake. Ya kuma koya mini wata dabara: ba dole ba ne a dafa maɗin duka tsawon awa guda, tunda an riga an dafa shi a masana'anta. A sa rabi tun farko domin furen ya sami abin da zai dahu a ciki, a ajiye rabi sai saura minti 15. Da haka launi ba ya yin duhu, ruwan da ba shi da kauri sosai kuma ya fi jawo ɗacin furen.

A karo na biyu na kashe wayata, na gaya wa matata kada kowa ya kira ni sai na fito, na buɗe taga duk da sanyin hunturu, na kuma ajiye littafi da biro da agogo a gefe. Na tsoma gwangwanayen biyu a ruwan zafi na minti goma domin maɗin ya saki ya zubo da sauƙi. Na tafasa ruwa a butar lantarki ina juyewa a tukunya har ya kai lita 11, wannan ya rage mini jira sosai. Sannan na sauke tukunyar daga kan murhu gaba ɗaya, domin murhun lantarki ko ka kashe shi zafinsa yana nan, na zuba gwangwani ɗaya a hankali ina juyawa, ban mai da ita wuta ba sai da na ɗaga cokali daga gindi na ga babu abin da ya manne mata. Na tsaya a kanta, ba murfi, da 'yar kwalbar fesa ruwa a hannu a madadin ƙwaryar Goggo. Da zafi ya haura digiri 90 sai wata farar kumfa mai laushi ta fara taruwa daga gefe tana rufe tsakiya, ta yi kauri, ta koma ruwan ƙasa, ta ɗan tsaya kamar ba za ta yi komai ba, sannan cikin 'yan daƙiƙu ta kumbura ta hau kusan tsawon tafin hannu. Na fesa mata ruwan sanyi ta lafa, na rage wuta, ta sake tasowa na sake fesawa. Sau huɗu muka yi haka da ita. Bayan minti bakwai sai kumfar ta tsage a tsakiya, na ga ruwan yana juyawa a fili da 'yan gudajin nan a cikinsa, na san ta kwanta.

Daga nan ne ake fara ƙirga awa guda, ba daga lokacin da aka kunna wuta ba. Na rage wuta na zuba giram 45 na Fuggle kaɗan-kaɗan, domin duk abin da aka jefa a ruwa mai tafasa yana ta da kumfa, musamman furen da aka niƙa aka dunƙule kamar abincin kaji. Tafasar da ake so ita ce wadda saman ruwa ke juyawa ba tsayawa, ba wadda ke tsalle tana fantsama ba, ba kuma wadda ta yi lamo tana ɗan motsi a gefe ɗaya ba. A murhuna lamba ta bakwai cikin tara ce ta ba ni haka, na rubuta a littafi. Minti 45 ɗin da suka biyo baya babu wani tashin hankali a cikinsu, na zauna a kujera kusa da murhu ina wanke kayan da suka ɓaci, lokaci-lokaci ina goge furen da ya manne a jikin tukunya ina mai da shi ciki. Da ya rage minti 15 na tsayar da agogo, na sake sauke tukunyar, na narkar da gwangwani na biyu, na mayar. Ta ɗauki kusan minti takwas kafin ta dawo tafasa, ta kuma yi ɗan ƙaramin bori na biyu wanda da ban tsaya ba da ya ba ni kunya. Na sake ta da agogo, na zuba giram 20 na Goldings, da lokaci ya cika na kashe wuta na zuba wasu giram 20. Tururi ya cinye kusan lita 2, gilasan tagogi duk suna zubar da ruwa, gidan kuma yana ƙamshi kamar ana toya burodi a cikin lambu.

Hucewa ma aiki ce. Muddin ruwan yana tafasa babu ƙwayar cutar da za ta rayu a ciki, amma da zarar ya fara hucewa ya zama abincin kowace ƙwaya da ke yawo a iska, saboda haka daga nan duk abin da zai taɓa shi sai an tsoma shi a ruwan magani, kuma a nan ne murfi yake da amfani. Na rufe tukunyar na zaunar da ita a kwamin wanke-wanke cike da ruwan sanyi, ina canza ruwan duk lokacin da ya yi ɗumi. Sau biyar na canza, cikin minti 35 ta sauko digiri 30. Na tace a rariya zuwa cikin bokiti, na kwarara ruwan sanyi daga sama domin iska ta shiga, tunda yis yana bukatarta a farkon aikinsa, har ya kai lita 23. Zafi ya tsaya a digiri 19, ma'aunin kauri kuma ya nuna 1.040 cif. Na barbaɗa yis, na rufe, na kai bokitin wani kabad da ke ƙarƙashin bene inda zafi ba ya wuce digiri 18 zuwa 19. Washegari da yamma ɗan bututun numfashin da ke kan murfin ya fara ɓulɓul. Bayan kwana 12 na auna na sami 1.010, na bar shi kwana biyu na sake aunawa na sami daidai haka, wannan ne shaidar cewa yis ya gama. Idan aka ɗauki bambancin lambobin biyu, wato 30, aka ninka da 0.131, ƙarfin giyar ya kama kusan kashi 3.9 cikin ɗari. Na dafa giram 100 na sukari a ɗan ruwa na gauraya a hankali domin ya ba da iskar kwalba, na ɗura kwalabe 42 masu rabin lita, duka masu ruwan ƙasa domin haske yana ɓata ƙamshin furen. Bayan mako uku na buɗe ɗaya, ta fito ruwan zuma garau, ɗacinta daidai, babu ko alamar ƙauri.

Tun daga nan na dafa fiye da sau goma, kuma abin da zan gaya wa mai farawa bai da yawa. Kuɗin tukunya babba ba asara ba ne, ni rowar fam 45 ta ci mini fam 120 da tabon da ke hannuna har yau. A bar aƙalla kashi ɗaya cikin uku na tukunya babu komai. Kada maɗi ya taɓa shiga tukunya tana kan wuta, domin ƙauri ba ya fita, yis ba ya cinye shi, ajiya ba ta rage shi. Lokutan da bori ke zuwa sanannu ne, wato farkon tafasa, da duk lokacin da aka jefa wani abu a ciki, da duk lokacin da aka rufe murfi, saboda haka ba awa gudan ce ke bukatar tsayuwa ba, 'yan mintuna ne, amma a cikinsu ko ƙofa ba a buɗewa. Garin maɗi, wanda ake busarwa ya zama kamar madarar gari, ya fi na gwangwani kumfa a gwajin da na yi, yana kuma dunƙulewa idan tururi ya taɓa shi, sai a dama shi a ruwa mai ɗumi tukuna. Wanda ya sayi irin da aka riga aka sa wa ɗaci kada ya dafa shi ko kaɗan, ƙamshinsa zai kora ya ƙara masa duhu a banza, kuma a ganina dattijon ya yi gaskiya, da shi ya kamata in fara. Kada kuma gaggawa ta sa a ɗura kwalba kafin awo biyu su zo daidai, domin sukarin da ya rage zai ci gaba da aiki a ciki har kwalba ta fashe, wannan kuwa ba abin wasa ba ne a gidan da akwai yara. A ware awa huɗu cikakku daga wanki zuwa wanki. Ta fuskar kuɗi, kayan kowace dafuwa suna cin kusan fam 35, kwalba ɗaya ba ta kai fam guda ba ke nan, alhali a mashaya kofi ɗaya yakan kai fam 5, sai dai in aka sa lissafin lokaci da lantarki ribar ba ta kai yadda ake zuzutawa ba.

Yanzu hankalina ya koma kan dawa. Ba sabon abu ba ne a yi giyar kwalba da ita, domin tun da gwamnatin Najeriya ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988 masana'antun giya na ƙasar suka koma amfani da dawa. Amma ita ba a samun maɗinta a shagon dattijon, kuma sitacinta ba ya sakin jiki sai da zafin da ya fi na sha'ir, zafin da ke kashe sinadaran tsiron da ke mai da sitaci sukari. Sai yanzu na gane dalilin da ya sa Goggo take barin damun ya kwanta, ta tsiyaye ruwan sama ta ajiye gefe, ta dafa mai kaurin shi kaɗai, sannan ta haɗe su bayan ya ɗan huce. Na sake kiranta ta maimaita mini matakan ɗaya bayan ɗaya ina rubutawa, ta kuma ja mini kunne cewa tukunyar dawa ta fi kowace kamu a gindi, sai da muciya ba cokali ba. Na sayo jar dawa kilo 3 a wani shagon kayan abincin Afirka, na jiƙa ta kwana ɗaya, na shimfiɗa a faranti biyu kusa da na'urar ɗumama ɗaki na lulluɓe da jiƙaƙƙen tawul. Yau kwana uku ke nan, kusan rabinta ta fito da farin tsiro, muciyar kuma tana cikin kayan wani ɗan garinmu da zai dawo daga Jos a ƙarshen wata.